Mai Shagon Littattafai da Gawa a Tsakar Ɗaki: Darasi kan Abin da Aka Faɗa da Abin da Aka Nufa

A shekarar 1987 marubuciyar Amurka Carolyn Hart ta fitar da wani ƙagaggen labari mai suna Death on Demand. Sunan littafin shi ne kuma sunan shagon da labarin ya ginu a kansa, shagon da ba a sayar da komai a cikinsa sai littattafan binciken laifi. Mai shagon wata budurwa ce, Annie Laurance, wadda ta gaje shi daga wani ɗan'uwan iyayenta, a wani ƙagaggen tsibiri da ke gaɓar jihar Karolina ta Kudu. Duk daren Lahadi marubutan tsibirin kan taru a shagon su yi hira. Ɗaya daga cikinsu, Elliot Morgan, ya yi alwashin tona asirin sauran a zama na gaba. Ana cikin zaman sai wuta ta ɗauke. Da haske ya dawo, sai ga shi kwance, an jefe shi da wata ƴar kibiya mai dafi irin ta wasan jifa. Shugaban ƴan sandan tsibirin bai wahalar da kansa ba, ya ɗora zargi a kan mai shago. Ba ta da mafita sai ta nemo mai laifin da kanta.

Tambayar da ta shafi ɗalibin kimiyyar harshe ita ce: da me za ta nemo shi? Ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da izinin shiga gidan kowa, ba ta da ikon tsare mutum ko na minti ɗaya. Abin da ke hannunta shi ne kunne da baki. Wannan maƙala za ta nuna cewa irin wannan labari, duk da ana yi masa kallon abin kashe lokaci, kusan dukkan aikinsa a kan tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya furta da abin da mai sauraro ya fahimta yake gudana, kuma a cikin wannan tazara ce mai laifi ke ɓuya, a cikinta ce kuma marubuci ke ɓoye shi.

Irin labarin da sunansa

Masu Ingilishi suna kiran wannan reshe na adabi da kalmar cozy, wadda ke nufin ɗumin ɗaki da kwanciyar rai a lokacin hunturu. Mutanen Faransa sun are ta yadda take. Bahaushe kuwa, da rana ta saba gasawa, ba ya siffanta jin daɗi da ɗumi. A wurinsa abin da ya kwantar da rai sanyi ne da inuwa. Saboda haka a nan za a kira shi labarin bincike mai sanyi, ko da yake a zahiri an juya kalmar asali kai a ƙasa.

Sharuɗɗansa sanannu ne. Ana yin kisan ba a gaban mai karatu ba, ba a tsayawa siffanta jini, ba batsa, ba ashar. Wurin ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma mai binciken ba ma'aikacin hukuma ba ne. Uwar wannan salo ita ce Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead, wadda ta fara bayyana a gajeren labari a 1927, sannan a cikakken littafi a 1930. Daga shekarun 1980 zuwa yau mawallafan Amurka sun cika kasuwa da jikokinta, kowace da sana'arta: mai gasa burodi, mai saƙa, mai sayar da shayi. Masu sayar da littattafai sun samu kaso babba. Akwai Claire Malloy ta Joan Hess, wadda ta fara a 1986, akwai Tricia Miles ta Lorna Barrett, wadda ta fara a 2008 da littafin Murder Is Binding, inda ita ma aka fara da zarginta bayan ta tsinci gawar maƙwabciyarta mai sayar da littattafan girki. Jerin Carolyn Hart ya haura littattafai 20, kuma ɗaya daga cikinsu, Something Wicked, shi ya ci lambar yabo ta Agatha a karon farko da aka bayar da ita ga cikakken labari.

Me ya sa shagon littattafai

Tzvetan Todorov, a wani ɗan nazari da ya rubuta a 1966 kan rabe-raben labarin ɗan sanda, ya ce irin wannan littafi labari biyu ne a cikin bango ɗaya. Na farko labarin laifin ne, wanda ya riga ya ƙare kafin bincike ya fara, kuma ba a ba mai karatu shi kai tsaye. Na biyu labarin binciken ne, wanda ba shi da wani aiki sai tono na farko. A labarin da jami'in hukuma ke bincike, ana tono na farkon da zanen yatsa da rahoton likita. A labari mai sanyi kuwa, in aka ɗebe shan shayi da tafiya daga wannan gida zuwa wancan, abin da ya rage hira ce zalla.

Nan ne amfanin shago yake. Shagon littattafai wuri ne da mutum ke shiga ba tare da an tambaye shi dalili ba, ya daɗe yana juya shafuka, ya yi magana ba don an sa shi ba. Mai shagon ta san wanda ya sayi littafin dafi da magunguna, ta san wadda ta daina karanta labaran soyayya tun watan jiya. Wani abin kuma ya fi wannan nauyi. John Austin, a littafinsa na 1962 kan yadda ake aikata abu da kalmomi, ya nuna cewa jimla ɗaya kan zama aiki daban-daban gwargwadon mai faɗinta da inda aka faɗe ta. «Ina kake daren Lahadi?» a bakin ɗan sanda tuhuma ce, wanda aka yi wa ita kan ɗaure bakinsa, ya auna kowace kalma, wataƙila ya nemi lauya. A bakin mai shagon da ke miƙo masa kofi, tambayar jaje ce ko son jin gulma, sai ya saki jiki. Rashin ikonta shi ne jarinta. Sai dai ba ta da damar maimaita tambaya sau uku ko ta ce «ba ka amsa mini ba», domin ladabin maƙwabtaka bai yarda da haka ba. Dole ta karɓi amsar da aka ba ta, ta koma gida ta warware ta zare-zare.

Ƙarya da abin da bai kai ƙarya ba

Paul Grice, a laccocin da ya gabatar a jami'ar Harvard a 1967, waɗanda aka buga wani sashensu a 1975, ya ce masu zance suna tafiya ne bisa wata yarjejeniya da ba a rubuta ba. Mai sauraro na ɗauka cewa mai magana zai faɗi gaskiya, zai ba da bayani daidai buƙata, ba ragi ba ƙari, zai faɗi abin da ya dangani zancen, kuma zai faɗe shi a fili. Saboda wannan ɗauka ne mutum ke fahimtar fiye da abin da ya ji. Bahaushe ya san wannan tun kafin Grice, shi ya sa yake da hannunka-mai-sanda da shaguɓe da gugar zana. Abin da Grice ya ƙara shi ne bayanin hanyar da mai sauraro ke bi ya isa ga ma'anar da ba a furta ba.

A ɗauka mai shago ta yi wa wani abokin cinikinta tambaya, ya ba ta amsa kamar haka:

(1) Tambaya: Ka fita daren Lahadi?
Amsa: Ni da ƙarfe tara na kulle ƙofata.

Duk mai jin Hausa zai fahimci cewa mutumin bai fita ba. Dalili shi ne an ɗauka amsarsa ta dangani tambayar, kuma hanya mafi sauƙi da kulle ƙofa zai dangani fita ita ce a ce ya kulle ya kwanta. Amma bai faɗi haka ba. Bai ce a wane gefen ƙofar yake tsaye ba lokacin da ya murɗa makullin. In gobe aka kawo wanda ya gan shi a bakin teku da ƙarfe goma, zai ce shi bai yi wa kowa ƙarya ba, kuma ya yi gaskiya.

Ga wani na daban, wanda ya shafi yawan bayani:

(2) Na karanta wasu daga cikin wasiƙun marigayin.

Kalmar «wasu» na sa a fahimci «ba duka ba», domin da duka ya karanta da ya ce duka. To amma wanda ya karanta duka, ai ya karanta wasu. Ma'anar «ba duka ba» ba a jikin kalmar take ba, mai sauraro ne ya ɗora ta, kuma hujjar haka ita ce ana iya soke ta ba tare da an tufka an warware ba: «Na karanta wasu, kai, duka ma na karanta.» Wannan siffa ta sokuwa ita ce babbar alamar ma'anar da aka nufa ba a furta ba, kuma za a sake komawa kanta a gaba, domin a nan ne raunin mai binciken yake.

Mai laifi a labari mai sanyi ya fi son wannan hanya a kan ƙarya tsagwaronta. Ƙarya a ƙaramin gari ba ta da tsawon rai. Maƙwabciya ɗaya mai leƙen taga ta isa ta karya ta. Amsar da ke gaskiya a lafazi, ɓata a fahimta, ita ce ke jure bincike. Aikin mai shago shi ne ta riƙa tambayar kanta, bayan kowace hira, wane ɓangare na abin da ta «sani» aka gaya mata, wane ne kuma ita ta cike da kanta.

Inda baki ke yanka wuya

Akwai wani nau'in ma'anar ɓoye da ya bambanta da wancan, wanda Oswald Ducrot ya yi wa dogon bayani a littafinsa Dire et ne pas dire na 1972. Shi ne abin da jimla ta ɗauka tabbatacce tun kafin a furta ta, kamar tabarmar da aka shimfiɗa kafin baƙo ya zauna. Ana iya kiransa shimfiɗar jimla. Gwajinsa korewa ce:

(3) a. Audu ya daina zuwa shagon.
b. Audu bai daina zuwa shagon ba.

Jimlolin biyu kishiyoyin juna ne, amma dukkansu sun yarda cewa a da Audu yana zuwa. Wannan ma'ana a jikin aikatau «daina» take, ba ta sokuwa cikin sauƙi, kuma mai magana ba ya iya cewa ba shi ya kawo ta ba.

Ma'anar farko, ta Grice, makamin mai laifi ce. Ta biyu kuwa tarkonsa ce, domin mutum na iya tsare abin da yake faɗa, amma da wuya ya tsare abin da jimlarsa ta shimfiɗa. Wanda ya ce «ban san an sake buɗe tagar ba» ya nuna ya san an taɓa buɗe ta. Wanda ya ce «ni ban ga kibiyar ba», alhali ba a gaya wa kowa da me aka yi kisan ba, madangancin nan na ƙarshen kalma, harafin -r guda ɗaya, ya gama da shi: da «kibiya» ya ce, da sauran magana, amma «kibiyar» tana nufin wata sananniya da shi da mai sauraro suka riga suka sani. Marubutan wannan salo sun yi amfani da wannan tarko har ya tsufa, kuma masu karatu na yau sukan gane shi tun daga nesa. Duk da haka yana nan, sai dai a ƙara binne shi cikin surutu.

Marubuci da mai karatu

Abin da ke tsakanin mai shago da mutanen gari shi ne ke tsakanin mai karatu da marubuci. Tun a 1928 S. S. Van Dine ya tsara ƙa'idoji 20 na rubuta labarin bincike, a 1929 kuma limamin kirista Ronald Knox ya kawo nasa guda 10. Ruhinsu ɗaya ne: kada a ɓoye wa mai karatu wata alama da mai bincike ya gani, kada kuma muryar da ke ba da labari ta yi masa ƙarya. In aka fassara wannan da harshen Grice, an ɗaure marubuci da sharaɗin gaskiya, an sake shi a kan sauran ukun. Yana da damar ya rage bayani, ya jibge shi inda ba a buƙata, ya sa muhimmin abu a tsakiyar jerin tarkace, ya bar mai karatu ya yaudari kansa.

Misalin da ya fi kowane shahara shi ne The Murder of Roger Ackroyd na Christie, na 1926, kuma babu yadda za a yi bayaninsa ba tare da an tona ƙarshensa ba. Mai ba da labarin, likita Sheppard, shi ne ya yi kisan. Bai yi ƙarya ko sau ɗaya a cikin abin da ya rubuta ba. Ya faɗi cewa an kawo wa Ackroyd wata wasiƙa da ƙarfe tara saura minti 20, ya faɗi cewa ya bar ɗakin da tara saura minti 10. Abin da ya faru a cikin minti 10 na tsakani ne bai faɗa ba, mai karatu kuwa, bisa ɗaukar cewa da wani abu mai muhimmanci ya faru da an faɗa masa, ya tsallake wurin. A littafin kuma akwai wata alama ta salon magana: an ji muryar Ackroyd daga bayan ƙofa a lokacin da ya riga ya mutu, sai Poirot ya lura cewa kalmomin da aka ji ba irin na baka ba ne, irin na wasiƙa ne, wanda ya kai shi ga gane cewa na'urar ɗaukar murya ce ke magana. Ƴar'uwar likitan, Caroline, mai tattara labarin gari daga bakin masu aiki da masu kawo madara, ita ce Christie ta ce ta share wa Miss Marple hanya.

Carolyn Hart ta ƙara wani zare a kan wannan. Mutanen littafinta masana labarin bincike ne, Annie kuma ba ta iya ganin abu ba tare da ta kwatanta shi da wani littafi ba. Har gasa take sawa a shagon: ana rataya zane-zane a bango, kowane na nuni da wani sanannen labari, wanda ya fara gano su duka ya ci kyauta. Wannan na jawo mai karatu ya shiga wasan, amma yana kuma zama hanyar ɓad da sawu, domin ambaton wani tsohon littafi shi ma magana ce, kuma mai karatu zai ɗauka ba a ambace shi a banza ba. Wani lokaci kuwa a banzan aka ambace shi. Gaskiya ne a wasu shafukan sunayen marubuta kan yi yawa har labarin ya tsaya cik, kamar mai shagon ta manta da gawa ta koma talla.

In za a mayar da shi Hausa

Ɗalibin da ya gwada fassara shafi biyu na irin wannan littafi zai tarar cewa nahawun Hausa ba ya ɓoye abin da Ingilishi ke ɓoyewa, yana kuma ɓoye abin da Ingilishi ba ya iyawa.

A littafin A Murder Is Announced na 1950, wata mata mai suna Murgatroyd ta tuna wani abu game da daren da aka yi harbi, ta ƙwala wa ƙawarta wata gajeruwar jimla mai nufin cewa wata mace ba ta wurin, kafin ta yi bayani kuma aka shaƙe ta. Miss Marple ta tsaya a kan tambaya ɗaya: a kan wace kalma ta danna murya? In a kan wakilin suna ne, to tana zaɓen mace ɗaya daga cikin waɗanda ake lissafi. In a kan kalmar wuri ne, to mamaki take yi cewa wadda kowa ya ɗauka tana wurin ba ta nan. A Ingilishi kalmomin ba sa canzawa, nauyin murya kawai ke matsawa, shi ya sa mai shaida ke iya yin kokwanto. Hausa harshe ne mai karin sauti, ba ta dogara da danna murya wajen ƙarfafa wani yanki na jimla. Takan ciro shi ta kai gaba, ta bi shi da dirka in an so, ta kuma canza lamirin lokaci:

(4) a. Ba ta wurin.
b. Ita ce ba ta wurin.
c. Ba a can take ba.

Jimloli uku ne mabambanta, ba jimla ɗaya mai murya uku ba. Mai fassara da ya zaɓi (4b) ko (4c) ya warware ƙullin tun kafin Miss Marple ta iso. Wanda ya zaɓi (4a) kuma ya bar ta da tambayar da ba ta da ma'ana a kunnen Bahaushe. Mai fassara zuwa Faransanci ma yana cin karo da kusan wannan matsala, tunda shi ma harshen ya fi son tsaga jimla a kan danna murya.

A nan akwai abin lura ga masu karin harshen yamma. A daidaitacciyar Hausa, «Audu ya zo» da «Audu ne ya zo» suna ɗauke da lamiri biyu daban, na farko mai dogon wasali, na biyu mai gajere, amma rubutu bai nuna bambancin ba. A bakin mutumin Tawa ko na Gobir bambancin a fili yake, tunda zai ce «yaz zo», «tac ce», «sunka tahi». Marubucin da ya sa wani ya ce shi haifaffen Damagaram ne, sannan «anka» ta kuɓuce masa a cikin fushi, ya samu alama irin wadda Christie ta yi amfani da ita a Murder on the Orient Express na 1934, inda wata Baturiyar Ingila da ta ce ba ta taɓa zuwa Amurka ba ta kira wayar nesa da sunan da Amurkawa ke kiranta.

Sai batun jinsi. Ingilishi na iya cewa mai kisan ya fita ta taga ba tare da an san mace ce ko namiji ba, domin aikatau ba ya nunawa. Hausa ba ta da wannan sauƙi: ko «ya fita» ko «ta fita», ko «wanda» ko «wadda». An saba ɗaukar namiji a matsayin na gama-gari idan ba a san mutum ba, saboda haka «wanda ya kashe shi» ba ya tona komai. Amma duk wanda ya ce «wadda ta yi wannan aika-aika» tun ba a san komai ba, ya shimfiɗa abin da bai kamata ya sani ba. Wannan tarko ne da marubucin Hausa ya samu kyauta.

A ɗaya gefen kuma Hausa na da lamirin da ba ya nuna kowa, wanda Paul Newman ya kira mutum na huɗu a babban nahawunsa na 2000: «an kashe fitila», «aka buɗe ƙofa». Mai ba da labari irin likita Sheppard zai iya cewa «aka kashe fitila» alhali shi ya kashe ta, kuma bai yi ƙarya ba, tunda Bahaushe kan yi amfani da «an» a kan kansa saboda kunya ko kawaici. Akwai kuma aikatau irin na «tulu ya fashe», «ƙofa ta buɗu», waɗanda ke kawar da mai aikin gaba ɗaya. Ƙananan kalmomi ma na da nasu aiki. «Wai» na raba abin da mai shaida ya gani da abin da ya ji a bakin wani, kuma mai bincike mai kunne zai lura da inda ta faɗi daga bakin wanda ya ce shi ji kawai ya yi. «Ashe» kuwa na nuna cewa yanzu mutum ya gane abu. Wanda ya riga ya sani, in zai yi wasan mamaki, sai ya tuna ya sa ta a inda ya dace.

Iyakar kunne

An faɗa a baya cewa ma'anar da aka nufa ba a furta ba tana sokuwa. Wannan na nufin duk abin da mai shago ta tara daga hira ba ya zama hujja a gaban alƙali. Mutumin misali na (1) zai ce shi ƙofa kawai ya ambata. Ko mai «kibiyar» zai iya cewa a bakin wani ya ji. Shi ya sa kusan kowane littafi na wannan salo ke ƙarewa da ɗaya daga cikin abu biyu: ko a tara waɗanda ake zargi a ɗaki ɗaya a yi ta jero musu maganganunsu har mai laifi ya fashe da ikirari, ko kuma mai laifin ya ritsa mai binciken ita kaɗai a bayan kanta, ya bayyana mata komai da bakinsa kafin taimako ya iso. Masu suka na ganin wannan ragwanci ne na marubuta, kuma sau da yawa haka ne. Amma tushensa na cikin yanayin harshe: fahimta ba ta zama tabbaci sai wanda ya yi maganar ya furta abin da ya nufa.

A wajen littafi, inda babu marubucin da zai tilasta wa mai laifi ya yi ikirari, ikirarin kansa na iya zama abin bincike. A 1950 aka rataye wani direba ɗan yankin Wales mai suna Timothy Evans a Landan, bisa laifin kashe ƴarsa, bayan bayanai huɗu da ƴan sanda suka rubuta suka ce daga bakinsa suka fito. Evans bai iya karatu sosai ba. A 1953 aka gano cewa maƙwabcinsa na gida ɗaya, John Christie, wanda ba shi da wata dangantaka da marubuciyar, ya kashe mata da dama a gidan, kuma a 1966 aka yi wa Evans afuwa bayan ransa. A 1968 masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin Jan Svartvik ya ɗauki bayanan nan huɗu ya ƙirga yadda aka gina jimlolinsu da yadda aka haɗa su. Ya tarar cewa sassan da suka ɗora wa Evans laifi suna da ginin jimla da ya saɓa da na sauran maganarsa. A kan bangon wannan ɗan littafi nasa ne aka fara ganin sunan fannin da yau ake kira nazarin harshe don shari'a.